Zanen Farfesa da Kwandala

Kwana uku ɗalibar Farfesa tana wuce ƙofar ofishinsa kamar ba ta san wurin ba. Yau dai ta daure ta yi sallama.

Shekara goma sha ɗaya tsohon nan yana gina zane guda: ɗigo-ɗigo marasa iyaka, wasu an haɗa su da layi, wasu an bar su. Duk ɗigon da ka tsaya a kai, abin da za ka gani iri ɗaya ne. Masana lissafi suna tattara irin waɗannan zanuka a jeri, shi kuwa ya rantse nasa sabo ne fil. Wata mai zuwa zai yi ritaya, da wannan yake so a tuna da shi. Ita ya ba aikin dubawa, ga shi ta gano abin da ba ta so.

"'Yata, yaya na ga fuskarki haka?" in ji shi, hannu duk alli.

"Malam, ka ware ɗigo kaɗan a zanenka, ka raba su gida biyu. Kullum akwai wani ɗigon da ke haɗe da duk 'yan gidan farko, babu ruwansa da na biyu."

"Kullum?"

"Kullum, Malam. Na tabbatar."

Ya karɓi takardun da ke hannunta. Ai shi ya koya mata a aji: duk zanen da ke da wannan hali abu ɗaya ne, an daɗe da saninsa. Shi ne wanda ake samu in aka yi ta jefa kwandala, ita ke zaɓar inda za a ja layi.

Tausayinsa ya kama ta, har ta yi da-na-sanin shigowa.

Ya karanta takardunta sau biyu, ya cire tabarau. "Ikon Allah! Ni na yi ta auna kowane layi, ashe kwandala ta riga ni isa." Ya jawo kujera. "To ta yaya? A wane mataki tsarina ya koma sa'a? Zauna mana!"

Kai, tsohon nan! Idonsa ya kaɗa, amma tambaya yake yi. Ya miƙe ya nufi allo, inda ya rubuta sunan zanensa a ƙasan jerin tun tana ajin farko. Ya sa hannun riga ya goge, sannan ya miƙa mata allin.

"Fara daga farko. A hankali, ni ɗalibi ne mai taurin kai."