Tsohuwar Wayar Baranda

Keken guragun Sauda ya sake bugun teburin, kan wayar ya zame ya rataya da igiyarsa yana lilo. Zubaidatu ta sunkuya da ƙyar ta ɗauko shi. Sai da ta kara a kunne ta ji layin yana nan, sannan ta mayar.

"Yau dai ƙarshen teburin nan," in ji Sauda. "Ni ce farkon ɗaga hannu. Yalla, tura ni, an fara."

Gidan yana unguwar Mahjar a Jidda. Wani attajiri ne ya yi waƙafinsa don tsofaffin mata marasa mai kula da su, kuma su goma sha ɗaya ne a ciki. Shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su komai, ko launin labule. Ana ciyar da su, ana ganin an gama musu komai. Sai da aka kawo Lina ta shugabanci gidan, haifaffiyar Jidda, jikar Hausawan Sudan, mai jin Hausa fiye da yadda take iya mayarwa. Ita ta kafa zaman Laraba bayan la'asar: duk abin da za a canja, sai an kawo shi gaban masu kwana a gidan.

Maganar yau ɗaya ce. Za a kafa ƙarfen dafawa a bangon baranda, a fitar da teburin da ke tare hanya, a yanke layin tsohuwar wayar, tunda kowa tana da ta hannu.

Zubaidatu ta zauna a ƙarshen tabarma. Kafin gwiwoyinta su ƙi, ita ce mai girkin gidan nan. A lokacin ne aka kama ɗanta ba iƙama, takardar izinin zama, aka mayar da shi Najeriya, shekara tara ke nan. Lambar wannan wayar kaɗai ya tafi da ita. Ya kira sau biyu daga Gusau a shekarar farko, daga nan shiru. Ta hannun da take da ita yanzu bai san da ita ba.

Babu wadda ta taɓa jin wannan daga bakinta, domin ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta ambaci sunansa ba, ba ta kuma yi zancensa a gaban mutane ba. Haka aka tarbiyyantar da ita. Matan gidan sun ɗauka iskar baranda ce take zaunar da ita kusa da teburin kullum.

"Akwai mai magana kafin mu ɗaga hannu?" Lina ta tambaya.

"Waya ce mai ƙarko," in ji Zubaidatu. "Ba ta neman caji."

Sauda ta yi dariya. "Ƙarko. To aure ta mana. Rabon da ta yi ƙara tun azumi, shi ma mai neman shagon gas ne."

"Idan wuta ta ɗauke fa?"

"Idan wuta ta ɗauke, zafi zai kashe mu kafin ki tuna da waya. Hajiya, dubi ƙaurina. Duk tabon teburinki ne."

Matan suka yi dariya. Lina ta ce, "Tayyib. Masu son a cire."

Hannaye suka fara tashi, masu rawa da masu kumburi. Zubaidatu ta ƙirga bakwai. Ta dubi ƙofar baranda, inda ƙafar teburin take leƙowa.

"Akwai wanda zai kira," ta ce.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ta ji.

"Wa, khala?" in ji Lina, da kiran inna na Larabci da take yi wa tsofaffin.

"Yaron nan. Na wajena. Ita kaɗai ce lambar da ya sani."

Sauda ta sauke hannunta a hankali. "Shekara shida muna ɗaki ɗaya, kina da ɗa a duniya?"

"Na fari ne."

Tsofaffin suka gane nan take, wasu suka gyaɗa kai. Lina ce kaɗai ba ta gane ba. Ta ajiye biro, fuskarta ta canja.

"Khala, bara, ranar da aka kai ku awon ido. Wani ya kira, layin yana ta yankewa. Ya ce yana neman mai girki. Na ce mai girkinmu 'yar Indonisiya ce. Ya ce a'a, tsohuwa ce, Bahaushiya. Na ce ismaha eh, yaya sunanta? Sai ya yi shiru. Na sake tambaya, ya ce shi dai tsohuwarsa ce. Na ɗauka ya yi kuskuren lamba."

"Ina zai iya kama sunan uwarsa," in ji Sauda. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Zubaidatu ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta, ta daɗe tana kallon yatsun ƙafarta. Wayar ba ta nuna lambar mai kira, kowa ta san haka, don haka ba wadda ta yi wannan tambayar.

"Muryar tasa fa?" ta ce. "Ta mai lafiya ce?"

"Ta mai lafiya ce, khala. Mai kauri. Ya yi mini godiya sau biyu kafin ya ajiye."

"Haka yake."

Sauda ta juya kekenta ta fuskanci sauran. "Teburin dai ya fita, ban janye ba. Wayar a buga ta a bango, sama da ƙarfen. Wadda ba ta yarda ba ta zo mu yi magana a ɗaki."

Hannu goma suka tashi. Zubaidatu ba ta ɗaga nata ba, yana riƙe da gefen tabarma.

Lina ta yago farar takarda. "Zan liƙa a kusa da wayar, da Larabci da Hausa, saboda duk wadda ta ɗauka ta sani. Sunanki na sani. Shi yaya sunansa?"

Wata daga baya ta yi gyaran murya. Sauda ta ce, "Raɗa mini, ni in faɗa mata."

Zubaidatu ta girgiza kai. Ta buɗe baki, ta rufe, ta jiƙa leɓenta.

"Zaharadden."

Lina ta fara rubutawa, ta tsaya a tsakiya, ta ɗago tana neman gafara da ido. "Da harafin dal ɗaya ko biyu?"

Zubaidatu ba ta san dal ba. Ta matso kusa da takardar, ta sake faɗin sunan a hankali, gaɓa-gaɓa, har sai da yarinyar ta kai ƙarshensa.