Soson Kifin Malam Uzairu

Sai da Husaina ta sauya ruwan baho sau huɗu kafin soson ya daina zubar da baƙin ruwa. Ta ƙara masa sabulu, ta kwara ruwan zafi, ta dirje shi kamar gindin tukunya. Da ta ɗaga shi a rana sai ga shi fes, ashe ma shuɗi ne.

"Kai, maza!" ta ce ita kaɗai. "Wai a cikin wannan ƙazanta ake kiwon abu mai rai."

Soson na maƙwabcinta ne, Malam Uzairu. A falonsa akwai akwatin gilashi mai kifaye tara 'yan mitsi-mitsi, ja da ruwan ɗorawa. Wani ɗan inji yana hura iska ta siririyar tiyo zuwa cikin soson, shi kuma soson yana tace ruwan. Kifayen na Najmuddeen ne, ɗansa ɗaya tilo, wanda ya rasu a haɗarin acaɓa kan hanyar Jama'are shekara shida da suka wuce. Tun daga ranar Malam ya gaje su. Kowa a unguwar ya san in aka ɗauke wuta, shi ba ta fanka yake ba, batirin tsohuwar motarsa yake jona wa injin kifi.

Ranar da za a kai shi babban asibiti, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar, matarsa Ya Fanna ta miƙa wa Husaina mabuɗi. Shi kuma daga cikin mota ya yafito ta.

"Maman Khaulat, ga amana nan. Abinci kaɗan, sau ɗaya a rana. In soso ya toshe, ki ɗebi ruwansu a kwano ki matse shi a ciki. A ruwansu fa. Kar ki sa masa komai."

"Na ji, Malam. Allah ya ba da lafiya."

Ta ji ɗin kuwa. Amma Husaina mace ce da ko tsintsiyarta sai ta wanke kafin ta jingine, sai ta ɗauki maganar a ƙyuyar maza. Har ruwan akwatin ta zubar, ta cika shi da sabo daga famfo, tana murna in ya dawo zai sa mata albarka.

Kwana biyu ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa nono. Kifayen suka taso sama suna haki. Da safe ta tsame matattu uku da ludayi, washegari huɗu.

Ranar Talata ta kai masa kunu asibiti. Ya rame har ya fita kamanni, amma yana ganinta ya ce, "Yaya mutanena?"

"Suna nan, Malam."

"Kar dattin soson ya ba ki ƙyama. Najmu ya ce akwai wasu halittu a ciki, ido ba ya ganinsu, su ke cinye gubar ruwan. In suka mutu, shi ke nan." Ya huta, ya juya wajen matarsa. "Fanna, in na tafi ki bar su a falo. Ba za ki rasa abin da ke motsi a gidan ba."

"Ka daina irin wannan magana," in ji Ya Fanna.

Husaina ta miƙe ta yi musu sallama. Daga nan kasuwar Azare ta wuce, ta zagaye ta rumfa-rumfa tana kwatanta kifin da yatsa. Masu banda suka yi ta dariya, wani ya ce irin wannan sai dai Kano. Ta dawo ta zuba ruwan rijiya, ta yi addu'a, ta zauna tana kallon biyun da suka rage. Na ƙarshe ya kife ranar Alhamis, ta lulluɓe akwatin da zane don ba ta iya kallonsa.

Malam Uzairu ya cika ranar Juma'a da hantsi, aka kai shi bayan an sauko daga masallaci.

Sai bayan addu'ar uku, da masu gaisuwa suka ragu, Ya Fanna ta shiga falon. Husaina na biye da ita. Ya Fanna ta yaye zanen, ta daɗe tana duba cikin ruwan.

"Ina suke?"

"Ni ce, Ya Fanna. Na wanke soson da sabulu. Ya hana ni, na ƙi ji."

"Da safen ranar da ya cika ma ya tambaye ni. Na ce kin ce suna nan."

Husaina ta fashe da kuka. Da Ya Fanna za ta zage ta, ko ta mare ta, da ta fi samun sauƙi. Amma ita zama kawai ta yi a kujerar Malam, ta gyara mayafin takaba.

"Shekara shida ina roƙonsa ya bar ni in wanke soson nan," ta ce a hankali. "Da ni aka bar wa, abin da zan yi ke nan."

Husaina ta kai hannu za ta kashe injin.

"Bar shi," in ji Ya Fanna.

Husaina ta janye hannunta. 'Yan kumfa suna ta fitowa daga shuɗin soson, suna hawa cikin ruwan, suna fashewa a sama.