Bangon Malam Ɗanasabe

"Shigo mana, Habsatu, idonshi biyu," in ji Tabita, tana ɗage labulen ɗakin mijinta.

Habsatu ta sauke ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta tuɓe takalmi, ta shiga da sallama. Zuwanta na uku ke nan cikin kwana huɗu, ita da a da sai ranar kasuwar Cadawa take biyowa ta gidan. Malam Ɗanasabe yana kwance a tabarma, an tokare shi da matashi biyu, ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum. Tun makon jiya likita ya sallamo shi daga Maraɗi, kowa kuwa ya san abin da irin wannan sallama take nufi.

"Mai nono, yau ma?" ya ce, muryar can ƙasa. "Ko nonon ya hi ƙarhin kasuwa?"

"Gaisuwa na zo yi, Malam. Yaya jiki?"

"Mun gode Allah."

Ta zauna, ta gyara zane, ta sake gyarawa. Ta tambayi jiki, ta tambayi zafi, ta koma ta tambayi jiki. Maganar da ta kawo ta kuwa ba ta taɓo ta ba. Ta taga ana jin ƙarar mota tana sauke bulo a filin majami'a, kowane bulo ya faɗi sai gabanta ya faɗi tare da shi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da majami'ar ƙarshen gari, wadda gonarta ta yi iyaka da rugar su Habsatu, ta ba Ɗanasabe tabarma biyu da allo ɗaya, ta ce ya tara ƙananan yaran da ba su isa shiga lakol, wato firamare, ba. Ya fara da yara tara a gindin bishiyar bedi. Da ruwa ya kore su, ya tuɓe riga ya gina ɗakin ƙasa da hannunsa, shi ne mutanen gari suke kira jardan. A hankali 'ya'yan Musulmi suka fi na Kirista yawa a ciki, don akwai kunu da hantsi, akwai waƙa, kuma ba a taɓa jin ya daki ɗan kowa ba.

Yana da wata al'ada tasa. Duk shekara idan aka buɗe makaranta bayan kaka, sai ya kwaɓa ƙasa ya yaɓa a bangon ciki, duk inda ya ga fili, kowane sabon yaro ya danna tafin hannunsa. "Da dama ake ci, da dama ake gaisuwa, da dama ake sa hannu," haka yake gaya musu. Bango uku sun cika da ƙananan hannuwa, sun haura ɗari shida. Sai dai mutumin da alli ba ya rabuwa da aljihunsa bai taɓa rubuta suna ko ɗaya ba. In an yi masa magana ya ƙwanƙwasa goshi ya ce littafin yana nan. To, ga littafin nan kwance a tabarma, ga shi kuma majami'a ta samu halin yin ginin siminti, ranar Litinin za a rushe tsohon ɗakin.

A cikin hannuwan nan akwai na Zulai, 'yar farin Habsatu. Shekara biyu yarinyar ta yi a jardan, sanƙarau ya ɗauke ta tana da shekara shida. Ba ta da hoto. Kabarinta a bakin daji tuni garma ta bi ta kai, ko Jibrilla mahaifinta ba zai iya nuna wurin ba. Abin da ya rage nata a duniya tafin hannun nan ne, uwar kuma ba ta taɓa ganinsa ba. Da farko surukinta ne ya ce yarinya ta je ta sha kunu, amma babba daga gidansa ba zai taka ɗakin Kirista ba. Bayan tsohon ya rasu kuma kunya ta karɓi aikin. Bafillatana ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna ta damu da ita, a raye ko a mace. In ta shiga tana duba bango, kafin azahar gari ya san abin da take nema.

"Habsatu," in ji Malam, idonsa a rufe. "Ba ki da wata magana?"

Matan majami'a biyu suna zaune a gefe suna yi masa fifita. Ta dube su, ta dubi ƙasa.

"Babu, Malam. Allah shi ƙara sauƙi."

"Amin," ya ce. Ya ɗan yi murmushi, irin na wanda ya yi shekara talatin yana maƙwabtaka da Fulani.

Ta fito tana jin haushin kanta. A hanya ta bi ta bayan jardan, ta rage tafiya, ta ga an riga an cire ƙyauren taga, ta ƙara sauri. A ruga ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta wanke ƙwaryar da ta riga ta wanke, ta bar nono ya zube a gindin saniya. Duk inda ta juya yarinyar take gani, ba ma tana dariya ba, a'a, ranar nan da Habsatu ta bar tukunya a wuta ta bi ɗan maraƙi, ta dawo ta tarar yarinya ta dafa tukunyar da hannun dama. Kakar yarinyar ce ta ɗauke ta tana rarrashi, ta naɗe hannun da tsumma. Ita uwar tana tsaye tana tankaɗe, ko kallo ba ta yi ba.

"Wai mi ke damunki kwanan nan?" in ji mijinta Jibrilla.

"Zahi ne."

"To zahin bana ke kaɗai ya sani."

Ta yanke shawara gobe za ta tambaya, ko da garin duka yana ɗakin. Washegari Asabar, tana ɗaure ƙwarya da hantsi, ta ji an buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a bedi, wanda ake kiran yara da shi. Ba irin bugun makaranta ba ne, ɗaya ne, a dakata, a sake ɗaya. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Ta yi baƙin cikin mutuwar maƙwabci na kirki, ta kuma yi baƙin cikin abin da ya tafi da shi, har ta rasa wanne ya fi, wannan ma ya ba ta kunya.

Jana'izarsa ta tara mutanen da ba a saba gani wuri ɗaya ba. Direbobi, malaman lakol, wani jandarma da ya zo daga Gazawa, matan aure da goyo, duk sun sha kununsa. Kirista suna waƙa a ciki, Musulmi suna zaune a inuwa a waje, kowa yana faɗin abin da Malam ya taɓa ce masa. Habsatu ta yi wa Tabita gaisuwa cikin jama'a ta koma gida.

Ranar Litinin da sassafe ta sake zuwa, wai ta kawo wa masu zaman makoki nono. Tabita ta ja ta bayan rumbu, inda ba kowa.

"Ya bar miki saƙo," ta ce. "Ya ce in ya hwaɗa miki ido da ido, tashi za ki yi ki bar mashi ɗaki. Ya ce in ce miki, hannuwan nan duk na dama ne, ban da guda ɗaya. Shekarar nan an kawo mashi wata da tsumma a hannu."

Habsatu ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

"Magina sun zo tun ɗazu," in ji Tabita. "Ni ban ga kowa ba, ban ji komi ba."

Da ta isa jardan, sun riga sun yaye rufin, rana ta cika ɗakin. Musbahu magini yana tsaye da diga a kafaɗa, ya ga tsohuwa ta tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin da ba rufi, ya ɗaga wa abokan aikinsa hannu su dakata. Habsatu ta shiga. Ba ta taɓa zaton suna da yawa haka ba, wasu sun tsage, wasu hayaƙi da shekaru sun baƙanta su. Ta fara daga bakin ƙofa tana bi da yatsa. Kowane babban yatsa gefe ɗaya ya karkata. Ta gama bango ɗaya, zufa tana bin wuyanta. Ta gama na biyu, ta ce a ranta ko tsufa ya ruɗa Malam ne. A na uku, can ƙasa kusa da kusurwa, sai da ta durƙusa, ta ga wani ɗan hannu da babban yatsansa ya juya wa sauran baya. An danna shi da ƙarfi, har ƙasar ta tofo tsakanin yatsu.

Ta ɗora tafinta na hagu a kai. Ya ɓace duka a cikin nata.

"Nawa ma yana nan, Inna, ban san ko wanne ba ne," in ji Musbahu daga bayanta. Sannan ya durƙusa ya zaro wuƙa. "Matsa kaɗan. Yaɓen Malam da kauri yake, zai hita lahiya."

Bai tambaye ta ko na wa ne ba. Ya zagaye shi a hankali, ya ɓamɓaro shi kamar waina, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juye sauran nonon a kwanon magina, ta goge ƙwaryar da mayafi, ta shimfiɗa ɗankwalinta a ciki, ta kwantar da shi, ta rufe da faifai.

Tana kan hanyar ruga ta ji diga ta fara cin bango, ba ta waiwaya ba. Wata mata ta leƙo daga zaure.

"Mai nono! Kawo na hamsin."

"Ya ƙare," in ji Habsatu.

Ta wuce a hankali, hannu biyu riƙe da ƙwaryar a ka, ita da ta shekara arba'in tana ɗaukar ƙwarya ba ta taɓa riƙewa ba.