Gurbin Tausayi

Ɗakin taron kamfanin man shafawar yana hawa na huɗu, kuma sanyin na'urar da ke cikinsa ya fi dacewa da ajiyar gawa. Auta ta shigo da baƙin gilashi a fuska, rabin awa bayan lokacin da aka ba ta. Ba wanda ya yi ƙorafi. Mace ce da ta shekara tara tana mutuwa a fina-finai ana tafa mata, sannan ta buɗe fodkas, shirin hira da ake saurare a waya, jama'a suka bi ta can ma. A gida kaɗai ake ce mata Auta. A nan kowa sai ya ɗan rusuna kafin ya yi mata magana.

Manajar talla ta tarbe ta da hannu biyu. Matashiya ce mai digiri biyu da haƙora masu kyau, kuma ita ta ƙirƙiro dabarar da aka taru a yi murnarta. Wata uku da suka wuce ta ce kamfaninsu ba zai tsaya a sababbin shirye-shirye ba, zai ɗauki nauyin tsofaffin ma, duka ɗari da tamanin, tunda har yau ana sauraronsu. Auta ta karanta talla ɗaya tak da muryarta, domin mai sauraro ba ya yarda da baƙuwar murya, amma yana yarda da wadda yake wanke-wanke da ita a kunne. Manhajar kwamfuta ce ta ɗauki tallar ta cusa a cikin kowane tsohon shiri. Kowane shiri kuma da lambarsa ta rangwame, don a gane wanda ya fi jawo masu saye.

"Ranki ya daɗe, ki zauna da kyau," in ji manajar, ta kunna allon bango. "Ni kaina sau uku na sa aka sake dubawa."

Layuka ne a tsaye, kowanne cinikin shiri ɗaya, gajeru gajeru kamar ciyawar da aka yanke. Guda ɗaya a cikinsu ya yi sama har ya kusa fita daga allon.

"Wannan shi kaɗai ya sayar da kwalaben da sauran duka ba su sayar ba. Kashi na sha huɗu."

Auta ta cire gilashin.

Ba ta buƙatar a tuna mata. Kashi na sha huɗu shi ne wanda ta yi da yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda tukunyar gas ta fashe da ita a kicin shekara shida da suka wuce. Wata biyar Auta ta yi tana roƙonta kafin ta yarda ta zauna gaban makirufo. Shirin nan ne ya sa masu rubutu a jarida suka daina kiran Auta 'yar fim, suka fara cewa tana da zurfi.

"A ina aka sa tallar?" ta tambaya.

"Shi ne abin da nake so ki ji!"

Manajar ta danna. Muryar Yaya ta cika ɗakin, a hankali, da ɗan kaushin da hayaƙi ya bar mata a maƙogwaro.

"Ranar da aka cire min bandeji na ce a ba ni madubi. Nas ta ce babu. Mama ta ce babu. Da aka kawo abinci sai na ɗauki cokali, na goge shi da bakin zani, na juya bayansa, na duba."

Sai shiru. Ana jin numfashi yana shiga da ƙyar. Sakan ɗaya, biyu, uku. Sai ga kiɗa mai daɗi, irin na safiyar da ba wanda ya mutu, sai ga muryar Auta da dariya a cikinta:

"Ke 'yar'uwa, tsaya mu faɗa wa juna gaskiya. Kina jin kunyar fatarki? Kina gudun madubi? Ni ma na taɓa zama haka! Sati biyu kacal, wallahi ke da kanki ba za ki gane fuskarki ba."

Tallar ta yi rabin minti. Ta ƙare da lambar rangwame, aka maimaita ta sau biyu. Kiɗan ya ɗauke, kukan Yaya ya ci gaba daga inda aka tsayar da shi.

  Mutum shida ne a teburin, kuma dukkansu suna kallonta da fuskar masu jiran tukuici.

"Manhajar tana neman wurin da shiru ya fi tsawo ne," in ji manajar, "don kada ta katse wa mutum magana. Tana da ladabi. A nan ta sami sakan arba'in da ɗaya. Da farko mun ɗauka tsautsayi ne, amma da muka bincika sai muka ga ilimi ne. Mai sauraro a lokacin zuciyarsa a buɗe take. Mun ma sa masa suna, gurbin tausayi."

"Yayata ce," in ji Auta.

"Shi ya sa ya yi ƙarfi, ranki ya daɗe. Ba a sayen irin wannan a kasuwa."

Ta turo mata takarda a kan teburin gilashin. Jerin baƙin da kamfanin yake ba da shawarar a gayyata ne a zango mai zuwa: wata da aka yanke wa ƙafa, wata da gashinta ya zube saboda magani, da wani dattijo da matarsa ta rasu bara. A gaban sunan dattijon an rubuta da jan biro: yana yawan yin shiru.

Auta ba ta san yadda ta sauko hawa huɗu ba. A cikin mota, kafin ta tada inji, ta kira mai haɗa mata sauti.

"Kai, wa ya ba ka izinin sa talla a shirin Yaya?"

"Madam, ni ban sa komai ba. Na ce miki a ba ni sati guda in bi su ɗaya bayan ɗaya in zaɓi gurbi da hannuna. Kika ce ba ki da sati guda, a bar na'ura ta yi."

"Ba ka saurara ba bayan an sa?"

"Ɗari da tamanin ne fa. Ke kin saurara?"

Ta kifa goshinta a kan sitiyari.

"Minti goma zan cire ta," in ji shi. "Sai dai wanda ya ji ya riga ya ji. Sati goma sha ɗaya ke nan tana tafiya."

Sati goma sha ɗaya. Ta buɗe saƙonninta da Yaya ta ja sama. Da can Yaya ce mai damunta da kira: kin ci abinci, kin je wurin Mama, wannan rigar da kika sa a hoto ba ta yi miki ba. Wajen wata biyu ke nan babu ko ɗaya. Amsoshinta sun koma "to" da "lafiya". Auta ta lura tun tuni, kuma abin da ta ji a lokacin shi ne ta huta.

Maɗaba'ar da Yaya take aiki tana ƙarshen wani titi da manyan motoci suka cinye kwaltarsa. A gaba injuna suke, suna ruri, maza uku suna ihu a kansu. Ɗaya ya gane Auta ya saki baki, ta wuce shi. Ɗakin ɗinkin littafi yana can baya, taga ɗaya, warin gam da tawada. Nan Yaya ta roƙa a mayar da ita bayan ta fito daga asibiti. Da can ita ce mai karɓar baƙi a gaba.

Tana zaune tana jera shafuka, ta ba ƙofa gefen fuskarta mai lafiya, kamar yadda ta saba zama ko'ina yanzu. Tabon ya taso daga kunnen hagu ya gangara wuya ya shige cikin riga.

"Yaya."

"A'a, manya ne a garinmu? Kula da rigarki, akwai gam a kujerar nan."

Auta ba ta zauna ba. Idonta ya riga ya sauka a kan kantar da ke bayan Yaya. Tsakanin gwangwanin gam da ƙullin zare akwai farar kwalba mai murfin zinare. An sha fiye da rabinta.

"Mene ne wancan?"

"Ke za ki tambaye ni? Ba ke kike tallarsa ba?"

"Saya kika yi?"

"Da lambar rangwame ma. Har sau biyu kika faɗe ta, ai dole in riƙe." Ta buga tarin shafukan a kan tebur don bakinsu ya daidaita. "Sati biyu kika ce. Na ba shi bakwai. Har yanzu ina gane fuskata, kuma masu hawa mota tare da ni ma suna ganewa."

"Yaya, wallahi ban sani ba. Yau na ji."

"Yau kika ji abin da kika faɗa da bakinki?"

"Ba a wurin na faɗa ba!"

Yaya ta ɗago, ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, abin da ba ta cika yi ba.

"Matar mai gidan nan ce ta kawo min a wayarta," in ji ta. "Ta ce, ashe haka ƙanwarki take? Na sa a kunne. Na ji kaina ina kuka, na ji ki kina dariya. Na yi ta tunani, ya aka yi ban ji ki ba a ranar? Sai na ce ai kuka nake, mai kuka ba ya ji. Ina zaune gabanki, gwiwata tana taɓa taki, kika juya kika ce wa duniya ina gudun madubi."

Auta ta dafa bango. A hanya ta shirya ba da haƙuri kan sakaci. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wata biyu Yaya ta yi tana kwana tana tashi da wannan ba.

Ta yi bayani, da sauri, kalmomi suna hawa kan juna. Cewa tallar bana aka ɗauke ta, a wani ɗaki daban, shirin kuwa shekara biyu ke nan. Cewa na'ura ce take yanka ta liƙa. Cewa ba mutum ne ya zaɓi wurin ba, shiru kawai na'urar take nema, ba ta san na kuka ba, ba ta san na shan ruwa ba.

Yaya ta saurara har ƙarshe. Aikinta ke nan, yanka da liƙi, ba ta sha wahalar ganewa ba.

"To," in ji ta. "Na yarda. Ba ki faɗa a ranar ba."

Auta ta saki numfashi, ta matso za ta riƙe hannunta.

"Amma me ya sa shirun ya yi tsawo haka?"

"Kuka kike, Yaya."

"Kuka nake, ba makancewa na yi ba. Mutumin nan naki mai abin sauraro a kunne, da ya ga na kasa magana, ya kai hannu zai kashe. Na gan shi ta gilashi. Sai kika ɗaga masa yatsa." Ta ɗaga nata, wanda wuta ta lanƙwasa. "Haka. A ƙasan tebur, don kada in gani. Hannunki ɗaya yana shafa bayana, ɗayan yana ce masa ci gaba."

Injunan gaba suka ɗauke lokaci guda, wani ya ƙwala wa wani kira a kawo takarda.

"Shekara biyu ban faɗa miki ba. Na ce yarinya ce, sana'arta ce, kuma ni na goya ta, in ban rufa mata asiri ba wa zai rufa? Ita na'urar ai ba ta yi komai ba, Auta. Fili ta gani an share, ta ajiye kayanta."

"Za a cire tallar yanzu. Minti goma. Na rantse miki ko me za su yi, ba zan sake aiki da su ba."

"Ba tallar ba. Shirin. Ki cire shi duka, ki ba ni abina."

Nan ne ya kamata Auta ta ce to. Harafi biyu ne, yaron da bai iya tafiya ba ma yana faɗarsa. Kuma ta so ta faɗa, Allah ya sani. Sai dai kafin kalmar ta iso bakinta, wasu abubuwa suka riga ta: lambar yabon da ke kan kantar falonta, mutanen da suke tare ta a filin jirgi su ce kashi na sha huɗu ya sa su kuka, da abin da za ta koma in babu shi. Duk wannan bai fi ƙiftawar ido ba.

"Duka?" in ji ta.

Ta ji kalmar a kunnenta kamar wani ne ya faɗa. Ta kai hannu bakinta.

Yaya ta dube ta, sannan ta yi wata 'yar dariya ta gefen bakin da yake iya motsi.

"Yaya, ba haka nake nufi ba. Zan cire. Yanzun nan, ga waya ma, kina gani."

"Cire ko bari, ya rage naki. Na riga na ji amsa." Ta jawo wani tarin shafuka gabanta, ta zare allura daga jikin rigarta. "Ranar Asabar ni ke kwana wurin Mama. Ki zaɓi wata ranar, kada mu haɗu ta gane."

Auta ta tsaya da waya a hannu, yatsanta a kan lambar mai haɗa sauti.

"Matsa," in ji Yaya, tana neman kafar allura. "Kin tare min haske."