Ƙwan da Auta Ta Bari

Tana tsaye a bakin akwatin ƙyanƙyasa tana juya ƙwai aka kira ta a waya. Aka ce motar da ta ɗauko 'yarta Auta daga wurin koyon aiki ta kife, kuma ba a kai asibiti da ita da rai ba. Ta ce to. Ta ƙarasa juya ƙwan da ya rage, ta rufe murfin, sannan ta zauna a ƙasa.

Auta ce ta haɗa akwatin da hannunta, da katakon tsohon kabad da batir da wata siririyar waya mai ɗaukar zafi da ta zagaya ciki. A jikinsa akwai mita mai lamba biyu. Lokacin da take haɗa shi ba ta bar uwar ta sha ruwa ba.

"Umma, na sama volt ne, ƙarfin da ke turo wutar. Na ƙasa amfiya, yawan wutar da ke wucewa. Ki duba na ƙasa sau nawa zai shiga na sama, kin sami om, taurin kan wayar ke nan. In kika ninka su kin sami wat, shi ne zafin. Maimaita."

"Ni da ko aji huɗu ban gama ba? Matsa, tukunyata na ƙonewa."

Duk da haka abin ya zauna mata. Sha biyu a sama, biyu a ƙasa, om shida, wat ashirin da huɗu.

A zaman makoki ta kasa zama. Ta amsa gaisuwar mutum biyu, ta miƙe ta leƙa akwatin, ta dawo, ta sake miƙewa. Auta ce ta jera ƙwan nan kafin ta tafi, kowanne da alamar fensir ɗinta. Wata safiya uwar ta ɗora hannu a murfin ta ji shi sanyi ƙalau. Lambar ƙasa ta koma sifiri. Wayar ta ƙone ta rabu biyu.

Ta cika kwalabe da ruwan ɗumi ta jera a gefen ƙwan, ta lulluɓe da bargo, ta jawo mayafi.

"Yaya, ina za ki, gida cike da mutane?" in ji ƙanwarta.

"In sun huce ki sake musu ruwa."

"Mutanen?"

"Kwalaben."

Mai kayan wuta na ƙarshen layi ya juya guntun wayar a tafinsa. "Om nawa, Hajiya?"

"Shida."

Ya ɗago ya dube ta. "Ke ce mahaifiyar Injiniya? Wadda ba ta sayen ko fis sai ta gwada shi a gabana?" Ya ajiye guntun. "Allah ya jiƙanta." Ya warware waya, ya ɗora mata bakin mitarsa yana ja har lamba ta tsaya, ya lanƙwasa wurin, sannan ya ƙara tsawo ya yanke. Ya ce wani abu a kan lanƙwasar da kuma ajiye saura don gaba. Ba ta ji ba, hankalinta na kan bargo. A hanya ta yi ta naɗe wayar a yatsa tana warwarewa, kafin ta iso gida babu inda bai lanƙwashe ba.

Ta cire kan batir kamar yadda ta sha gani, ta zagaya wayar dukkanta a ƙusoshin ciki, ta ɗaure bakin biyu. A ganinta waya mai yawa zafi mai yawa, kamar itace a murhu. Ta mayar da wuta ta tsaya. Ta fita ta amsa gaisuwa, ta dawo. Akwatin ya yi ɗumi, amma ma'aunin zafi ya ƙi kaiwa jan layin da Auta ta zana. Lambar ƙasa ɗaya da rabi.

"Ya cuce ki," in ji ƙanwar. "Ragowar shago ya haɗa ki da ita."

"Yi mini shiru."

Ta durƙusa tana lissafi a yatsu. Ɗaya da rabi biyu, uku ke nan. Uku sau huɗu ne a sha biyu. Huɗu biyu, om takwas. Ta ninka, wat sha takwas. Ashe tsawon da ya ƙara mata ne ya tare wutar.

"Ba ni almakashi."

"Zafi bai isa ba kuma ki rage? Yaya, ki zauna ki huta, kanki ba daidai yake ba."

"Takwas nake da shi, shida nake so. Ba ni."

Ta kwance wayar, ta ninke ta gida huɗu kamar yadi, ta datse gida ɗaya. Sau biyu noti na faɗuwa daga hannunta. Da ta mayar da kan batir, lambar ta yi tsalle ta zauna a biyu. Ba ta bar wurin ba sai da ma'aunin ya hau jan layi. A nan kukan da ta riƙe tun ranar ya ƙwace mata, goshinta a kan murfin.

Ba duka suka ƙyanƙyashe ba. Sanyin safiyar nan ya kashe fiye da rabi, ta kai su bayan gida ta binne. Sauran suka fito a jiƙe, suna tangaɗi, suna tsiwa. Ƙanwar ta ce akwai wata mai baƙin kai da ta ɗauko bakin Auta sak.

Yanzu kajin sun girma, ƙwansu ne a akwatin. Batirin kuwa sai da rana yake cika, don haka kowace safiya, kafin ta ɗora ruwa, takan taka kujera ta goge gilashin sola da gefen zaninta.