Wayar Mikail a Gidan Makoki

"Kowa na yafe masa, Malam. Ban da Mikail."

Haka maƙwabcina Nata'ala ya ce wa limamin unguwarmu, yana kwance a kan tabarma, numfashi na fita da ƙyar. Liman ya yi ta lallashi, shi kuwa ya juya fuska bango. Ni ina bakin ƙofa riƙe da kofin kunun da ya ƙi sha, kuma wallahi daɗi na ji.

Nata'ala bai taɓa tsara waƙa tasa ba. Waƙoƙin manyan mawaƙa yake ɗauka ya rera a gidajen biki nan Dala, ya rage musu gudu, ya ja baiti har sai mata sun manta da tukunya a wuta. Wadda ta fi karɓarsa ita ce "Ruwan Ido" ta Mikail Garwashi, mawaƙin nan da ake ji da shi. A wani biki a Kabuga Mikail ya tarar yana rera ta, ya hau dandali ya fizge makirfo, ya kira shi aku a gaban jama'a, yaransa suna ɗauka a waya. Tun daga nan Nata'ala bai ƙara zuwa biki ba. A tsakar gida yake rera wa yayarsa Uwa, makauniya, mu kuma mu saurara ta katanga.

Ranar Talata ya cika, bayan la'asar.

Ran sadakar uku sai ga Mikail da baƙin gilashi, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Jip ɗinsa ta kasa shiga lungunmu, ya tako ta gefen kwata yana tattare shadda. Muna zaune a zaure wayarsa ta yi ƙara, ya yi maza ya katse kiran. Amma na riga na ji: "Ruwan Ido" ce, da muryar shi Mikail ɗin. Na matsa kusa, na ce ni masoyinsa ne, ya taimaka min da lambarsa. Ya ba ni yana hura hanci.

Ni na raka shi cikin gida ya yi wa Uwa gaisuwa. Ya durƙusa gaban mata, ya ce marigayi ɗan'uwa ne a sana'a. Na zura hannu a aljihu na danna kiran lambarsa.

Waƙar ta cika tsakar gida. Mikail yana ta lalube a babbar riga ya rasa aljihun. Uwa ta karkata kai tana saurare har baitin ya ƙare.

"Wannan wane yaro ne yake kwaikwayon Nata'ala?" ta tambaya.

Wata ta raɗa mata cewa ai mai waƙar ne a gabanta.

"Allah sarki. To ɗan nan, ka yi ƙoƙari. Amma sauri ya yi maka yawa, ba haka ake yin ta ba."

Mai hoton bai sauke kyamara ba. Mikail ya miƙe ya fita, ko addu'a bai jira ba, shaddar na jan ƙasa.

Da na dawo kwashe tabarmi, na tarar da Uwa ita kaɗai a ƙofar ɗakin ƙaninta. Carbi na hannunta amma ba ja take ba. Yatsanta ne ke buga gwiwa a hankali, a kan gudun waƙar da ta saba ji a bakinsa.