Ƙafar da Aka Miƙar

Da kansa Mai Walda ya take ƙarfen dogarawar mahaifinsa mai ƙafa huɗu. Yana baya da motar kayansa a ƙofar gida ya ji ƙaras, ya fito ya tarar ƙafa ɗaya cikin huɗun ta bauɗe waje. Baba yana barci a ɗaki. Mutumin da bai kai shi girman kai ba da sai ya shiga ya faɗa, amma shi Mai Walda sai ya jefa ƙarfen a mota ya yi shago da shi.

Wannan ƙarfe ba ƙaramin abu ba ne a gidan. Tun da ƙafafun Baba suka yi rauni, da shi yake kai kansa banɗaki. Matar Mai Walda ta taɓa sayo fo ta ajiye ƙarƙashin gado, tsohon ya rantse ba zai taɓa shi ba muddin yana iya tsayuwa.

A shago ya danne ƙafar a kan teburin aiki, ya zura mata bututu ya ja. Ya yi shirin kokawa, sai ta biyo shi salin-alin kamar dama jira take. Har murmushi ya yi, wai hannunsa ne ya iya. Ya shafa fenti, ya mayar da abin bakin ƙofar ɗaki kafin tsohon ya tashi.

Kwanaki aka yi lafiya. Wata safiya yana sa takalmi ya ji faɗuwa a hanyar banɗaki. Ƙafar nan ce ta sake bauɗewa, ta inda ta bauɗe da farko. Baba yana ƙasa, wandonsa a jiƙe, surukarsa tana tsaye ta rasa inda za ta kai idonta. Mai Walda ya ɗauke shi cak ya kai gado. Bai karye ba, amma da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ɗan ya riga uban shiga.

"Baba, ni ne na..."

"Na sani. Fentin bai ma bushe ba da ka kawo shi." Baba ne ya koya masa sana'ar, kuma har yau ba ya ɗaga murya. "Da ka ja ta, ta zo da sauƙi ko?"

"Da sauƙi, Baba."

"To nan ya kamata gabanka ya faɗi. Ƙarfe in ka lanƙwasa shi gaba, ta nan yake taurara, ta baya ya yi laushi. Ka mayar da shi, laushin ya koma ta inda ya fito. Ido ne kawai ke ganin ya miƙe. Na faɗa maka wannan tun kana riƙe mini guduma."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na ce bari in jira ka faɗa da bakinka. Kullum ina lallaɓa ta, ina jiranka."

Mai Walda ya sunkuyar da kai. Kunya ta hana shi ko ba da haƙuri. Ya ce yau ɗin nan zai yanke ƙafar ya sa sabon bututu, mai kauri.

Baba ya juya fuskarsa bango. Sannan ya ce a hankali, "Ka rufe ƙofa. Jawo mini fo ɗin nan."